Kabon Faiba ko Ƙarfe: Wane Firam Ɗin Keke Ya Fi Dacewa da Hawan Yau da Kullum?

Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane da dama sun koma hawan keke don zuwa aiki, makaranta ko kasuwa. A darasinmu na yau za mu duba firam, wato gangar jikin keken da tayoyi da sirdi da feda ke haɗe da ita. Za mu kwatanta na ƙarfe da na kabon faiba, domin ka san abin da za ka zuba kuɗinka a kai.

Da me ake yin su?

Firam ɗin ƙarfe bututai ne da aka haɗa da walda. Akwai ƙarfe mai araha mai nauyi, irin na kekunan Phoenix da muka saba gani. Akwai kuma wanda ake kira kuromoli, mai lamba 4130, wanda aka gauraya da sinadaran kuromiyam da molibdenam. Ya fi ƙarfi, don haka ana iya sirantar da bangon bututunsa, keken ya rage nauyi.

Shi kuwa kabon faiba ba ƙarfe ba ne sam. Zaruruwa ne da suka fi gashin kai siranta, ana shimfiɗa su hawa-hawa, a jiƙa su da wani irin gam, a gasa a cikin mazubi har su daskare. Injiniya ne ke zaɓar inda zaren zai fuskanta, saboda haka yana iya sa wani sashe ya yi tauri, wani kuma ya ɗan riƙa lanƙwasa. A 1986 Greg LeMond ya lashe gasar Tour de France ta Faransa a kan keke mai bututan kabon, kuma yau kusan duk masu tseren ƙwararru shi suke hawa.

Nauyi

Nan kabon ya yi zarra. Firam ɗin tsere na kabon kan yi kilo ɗaya ko ƙasa da haka, na kuromoli kuwa yakan kai kilo biyu zuwa biyu da rabi. Amma mu yi lissafi. Idan nauyinka kilo 70 ne, keken kuma kilo 13, jimla 83 ke nan. Rage kilo ɗaya da rabi bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ɗan tsere mai hawan tsauni zai ga amfaninsa. Mai zuwa shago a shimfiɗaɗɗen titi ɗauke da jaka da wuya ya ji bambanci.

Daɗin hawa

Za ka ji ana cewa ƙarfe ya fi laushi, wasu kuma su ce kabon ya fi shanye jijjiga. Kowanne da ƙamshin gaskiya, amma tasirin kaɗan ne. Firam an gina shi ne da siffar alwatika, wadda ba ta lotsawa sosai idan an danne ta daga sama, ko da me aka yi ta. Abin da ke shanye gargada shi ne taya, sai sandar sirdi da shi kansa sirdin.

Don haka keken ƙarfe mai taya mai faɗin milimita 40 da iska daidai zai fi maka daɗi a hanyar burji fiye da keken kabon mai taya milimita 25 da aka cika tam. Bayan taya, duba girman firam. Idan ya yi maka tsawo ko gajarta, baya da wuya da gwiwa ne za su biya, komai tsadarsa.

Ƙarko da gyara

Ƙarfe yakan lanƙwashe ko ya loɓa kafin ya karye, wato yana ba ka gargaɗi. Idan ya tsage, mai walda na iya ɗinke shi, ko da yake siririn kuromoli na buƙatar ƙwararren hannu. Babban maƙiyinsa tsatsa ce, musamman da damina. Goge shi bayan ruwa, ka shafa fenti a inda ya kwarzane.

Kabon ba ya tsatsa, kuma yana da ƙarfi ƙwarai ta fuskar da aka tsara shi. Matsalarsa bugu ne. Faɗuwa a kan dutse, ko ɗaure noti fiye da kima, na iya raba shimfiɗun zaren ta ciki alhali fentin waje lafiya lau. Irin wannan firam na iya karyewa farat ɗaya kana tsakar gudu. Ana gyara shi, amma ba aikin mai walda ba ne, kuma masu yin sa ba su da yawa. Haka nan yawancin kekunan tsere na kabon ba su da wurin ɗaura kariya, kuma matse ta a jikin bututu haɗari ne.

Idan na hannu za ka saya

1. Duba mahaɗar bututai da cokali mai riƙe tayar gaba a cikin haske sosai.
2. A kabon, ƙwanƙwasa bututun a hankali da kwabo. Inda sautin ya dushe, akwai alamar tambaya. Wannan gwajin ba ya gano kowace ɓaraka.
3. A ƙarfe, zare sandar sirdi ka leƙa ciki ko akwai tsatsa.
4. Guji kabon marar suna mai arha fiye da kima. Araha ba ta ado.

Wanne za ka zaɓa?

Kamar sayen kwamfuta ne: wanda rubutu kawai zai yi ba ya buƙatar ta masu wasan gem. Idan keken na zuwa aiki ne, da ɗaukar kaya, da jinginewa cikin cunkoson babura, nemi firam ɗin kuromoli mai karɓar taya mai faɗi, ka sa rarar kuɗin a sirdi mai kyau da fitila da hular kwano. Idan kuwa motsa jiki da gudu a kwalta ne burinka, kana da wurin ajiya da kuɗin kula da shi, kabon zai gamsar da kai.

A darasi na gaba za mu duba firam ɗin alminiyam, in Allah ya kai mu.