Renon Tsiro a Cikin Tukunya, Rani da Damina

Ya ku manoman ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, da ku dagatai da masu unguwa, kun sha ganin itacen da aka dasa da damina bai ga wata daminar ba. Dalili kuwa shi ne a kan tumɓuke tsiro, saiwarsa ta tsittsinke, kafin ya farfaɗo ruwa ya ɗauke. Maganin wannan shi ne a rene shi cikin tukunya, ran dashe a kai shi rami da ƙasarsa.

Ba sai an sayi sabuwa ba. Tsohuwar tukunya wadda ta tsage, ko tulu mai yoyo da uwargida ta yar bayan ɗaki, sun isa, tun da ya ke fasa su za a yi ran dashe. Tukunyar ƙasa ta fi garwa nesa, gama yadda randa ta ke tsattsafo ta sanyaya ruwan sha, haka ta ke sanyaya saiwa. Ƙarfe kuwa in zafin rana ya buge shi sai ya dafa ta.

A huda gindin tukunyar, ƙofa kamar ta shigar yatsa, a jera tsingaro 3 ko 4 bisa ƙofar don kada ƙasa ta toshe ta. Sa'an nan a gauraya ƙasar gona kashi 2, rairayi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ruɓaɓɓe fa muka ce, wanda ya shekara a juji har ya yi baƙi. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji ya kan ƙone saiwa, ya kuma kira gara. A bar wurin ruwa kamar inci 2 a baki.

Da bazara, sa'ad da mangwaro ya nuna, a zaɓi ƙwallon na kirki, a ɓare ɓawonsa a hankali, a shuka nan da nan, don ba ya jure ajiya. Haka 'ya'yan dalbejiya, wadda aka shigo da ita Lardin Barno cikin 1928: in sun daɗe a ajiye ba su tsira. A sa tukwanen ƙarƙashin rumfa, a ba su ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Ruwan alwala ya yi, amma ban da ruwan sabulu.

Damina ita ce mai ruɗi. Mutum ya kan ce ai Allah na ba su ruwa, ya juya baya. Alhali tukunyar da ke ƙarƙashin indararo sai ta cika ta tsaya, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe. A janye ta daga nan, a ɗora bisa duwatsu, abin da ba mu rasa ba a ƙasar Birnin Kudu. Ɗorawan nan ya na da amfani na biyu: in tukunya ta zauna a ƙasa, saiwa ta kan bi ta ƙofar ta kama, ran ɗauka ta tsinke. Tsiron da ya yi ƙwari, ya kai kamu guda, a dasa shi cikin Yuli, bayan ruwa ya zauna. Wanda bai kai ba a bar shi sai baɗi.

Da kaka zuwa ɗari lokacin kayan miya ke nan. Tumatir ya fi son sanyin hunturu, in zafi ya tsananta furensa zuba ya ke yi, saboda haka a shuka shi cikin Oktoba ko Nuwamba, tushe ɗaya a kowace tukunya, a kafa masa tsinke. Barkono da ɗaɗɗoya da na'ana'a duk su kan yi. Mai son ƙanshin fure a tsakar gida ya sa lalle a babbar randa. Iskar hunturu ta kan shanye ruwa ko da ba rana, sai a riƙa tsoma yatsa a ji, a kuma rufe bakin ƙasar da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa.

Saura maganar awaki. Akuya ɗaya ta isa ta cinye renon shekara kafin a idar da sallar azahar. Kowane dagaci ya nemi wuri kusa da rijiyar gari, a kewaye da ƙaya ko zana, a tara tukwanen jama'a a ciki, a sa wanda zai riƙa rufe ƙofa.