Motsa jiki bisa kujera: rigakafin faɗuwar tsofaffi

Darasinmu na yau ya shafi iyayenmu da kakanninmu. Mu ma ya shafe mu, domin duk wanda Allah ya ja kwanansa zai tsufa.

A kowace unguwa an san labari irin wannan. Tsohuwa ta tashi da asuba za ta yi alwala. Ta ɗauki buta, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ta faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. Daga ranar ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba. Sai kwanciya, sai jinya. Mutane su ce ai tsufa ne. Gaskiya ne, tsufa ba shi da magani. Amma faɗuwa tana da rigakafi.

Girman matsalar

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa wajen mutum dubu 684 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa. In aka cire hatsarin hanya, babu hatsarin da ya kai faɗuwa kisa. Waɗanda suka wuce shekara 60 su ne suka fi mutuwa ta haka. Cikin tsofaffi 3 masu shekara 65 ko fiye, kusan mutum 1 yakan faɗi kafin shekara ta kewayo.

Mi ke kawo faɗuwa?

In shekaru suka yi yawa, naman cinya da na ƙwauri yana raguwa. Gaɓoɓi suna sandarewa. Ido yana rage gani. Wani kuma jiri yake ji in ya miƙe da sauri.

Akwai dalili guda da ba mu cika lura da shi ba, shi ne tsoro. Wanda ya taɓa faɗuwa yakan rage tafiya. Ƴaƴa kuma, saboda ƙauna, sai su ce: "Baba, zauna, mu za mu yi maka." Zama ya yi yawa, ƙafafu su ƙara mutuwa. Ran da ya tashi, sai ya sake faɗuwa. Kowane manomi ya sani, hauyar da aka jingine ita tsatsa ke ci. Haka jikin mutum yake.

Mi ne ne yoga ta kujera?

Yoga tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da numfashi. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, inda take haɗe da al'adu da addinin mutanen can. Yau ma'aikatan lafiya a ƙasashe da yawa sun ɗauki motsin jikin da numfashin kawai, suna koya wa jama'a. Shi za mu koya nan. Babu wani karatu ko ibada a ciki.

Da yake tsoho ba ya iya durƙusawa ƙasa ya tashi cikin sauƙi, sai aka mayar da motsin bisa kujera. Amma mu riƙe wannan da kyau: ana farawa a zaune ne domin a samu ƙarfin miƙewa. Motsin da ake yi a tsaye, ana dafe da kujera, shi ya fi hana faɗuwa.

Wace kujera?

A nemi kujerar itace ko ta ƙarfe, mai ƙafa 4 da majingina. Kada a ɗauki kujerar roba mai laushi, ƙafafunta suna buɗewa. Kada a ɗauki gajerar kujerar tsakar gida, tashi daga kanta yana da wuya. In an zauna, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai. A aje kujerar wuri mai tauri, banda cikin rairayi, a jingina bayanta da bango. A cire silifa.

Motsi 5 a zaune

1. Zama da numfashi. A matso gaban kujera kaɗan, a miƙe baya, a saki kafaɗu. A ja numfashi ta hanci sannu, a sake shi sannu. Sau 5.

2. Ɗaga hannuwa. In ana jan numfashi, a ɗaga hannuwa sama iyakar inda ba ciwo. In ana sakin numfashi, a sauke su. Sau 5.

3. Motsa gadon baya. A ɗora hannuwa bisa gwiwoyi. A turo ƙirji gaba, a ja numfashi. Sannan a ɗan lanƙwasa baya, a saki numfashi. Sau 5.

4. Waiwaye. A ɗora hannun dama bisa gwiwar hagu, a juya jiki hagu a hankali, kamar mai duban wanda ya yi sallama. A ƙidaya zuwa 5, a dawo, a yi ɗaya gefen. Kada a tilasta wa jiki.

5. Miƙe ƙafa. A miƙe ƙafa guda, a ƙidaya zuwa 5, a juya idon sawu, a sauke. Kowace ƙafa sau 5. Wannan yana ƙarfafa cinya, kuma cinya ce ke tayar da mutum.

Motsi 3 a tsaye

6. Tashi da zama. Wannan shi ne uwar darasin. A ja ƙafafu baya kaɗan, a ranƙwafo gaba, a miƙe tsaye. Sannan a koma a zauna sannu, kada a faɗa bisa kujera. Da fari a dafa kujera da hannu. In ƙarfi ya samu, a rungume hannuwa a ƙirji. A fara da sau 5, a kai sau 10.

7. Ɗage. A juya kujera, gabanta ya dubi bango. A tsaya bayanta, a riƙe majingina da hannu biyu. A ɗaga diddige, a tsaya bisa yatsu, a sauko sannu. Sau 10.

8. Tsayuwa da ƙafa guda. Ana riƙe da kujera, a ɗaga ƙafa guda kaɗan daga ƙasa, a ƙidaya zuwa 10, a canza. Bayan makonni, a gwada riƙewa da hannu guda. A nan dole wani ya tsaya kusa.

Sau nawa?

OMS ta ba da shawara a shekarar 2020 cewa masu shekara 65 ko fiye su riƙa yin motsin ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 cikin mako. Minti 15 zuwa 20 sun isa ga mai farawa. A yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, a inuwa, a sha ruwa. Kada a sa ran ganin canji cikin mako guda. Sai an yi wata 2 ko 3. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu da muka iya rubutu, mu ɗauki takarda. Ranar farko mu rubuta sau nawa Inna ta tashi ta zauna kafin ta gaji. Ƙarshen wata mu sake rubutawa. Ganin ƙaruwar lissafin yana ƙarfafa zuciya. In tsofaffi 3 ko 4 suka haɗu a zaure guda, aikin ya fi daɗi, ga hira ga lafiya.

Hattara

Mai tansiyo, mai ciwon zuciya, mai ciwon sukari, da wanda ya taɓa karaya ko shanyewar ɓarin jiki, ya fara tambayar ma'aikacin lafiya. Kada a riƙe numfashi lokacin motsi. Kada a sunkuyar da kai ƙasa. In aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya yi wuya, ko gaɓa ta yi zafi, a dakata nan take. In abin bai wuce ba, a tafi gidan likita. Jiki magayi.

Mu gyara gida

Motsa jiki shi kaɗai bai isa ba. Mu kwashe igiya, turmi da itace daga hanyar banɗaki. Mu aje fitila da sanda kusa da shimfiɗar tsoho. In ya farka, ya zauna bakin gado kaɗan kafin ya miƙe. Da damina mu zuba yashi inda ke santsi. Mu kai shi a duba idonsa, domin yanar ido ana yi mata aiki. Mu sa wake, gyaɗa, nono, ƙwai ko kifi cikin cimarsa, su ke gina nama.

In tsoho ya faɗi, kada mu fizge shi mu tsayar. In ba ya iya taka ƙafa, ko kansa ya bugu, mu kai shi asibiti. Buguwar kai tana iya nuna illarta bayan kwanaki, ko da babu jini a waje.

Ƴan uwa, girmama tsoho ya haɗa da taimaka masa ya tsaya da ƙafarsa. Yau da yamma mu ɗauko kujera, mu zauna kusa da Baba ko Inna, mu fara tare. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu tsufa mai albarka.

Tambayoyi

1. Yaya tsoron faɗuwa ke ƙara kawo faɗuwa?
2. Wace irin kujera ya kamata a zaɓa?
3. Kwana nawa cikin mako ake motsin?
4. Waɗanne alamu ke sa a dakata?
5. Mi za mu gyara a gidanmu cikin wannan mako?