Ɗalibaina na gyangyaɗi a darasin kimiyyar sinadarai

Tambaya: Ni malama ce a sakandare. Da na fara darasi yara sai hamma, kuma ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Gobe ki shiga aji da ruwan zoɓo kofi biyu. Ki matsa lemun tsami a ɗaya, ja zai ƙara fitowa. Ki zuba ruwan kanwa a ɗayan, ya rikiɗe ya yi duhu-duhu, kore-kore. Kin koyar da asid da alkali ke nan, alli ma ba ki taɓa ba.

In da hali, ki kai su marinar Ƙofar Mata a Kano. Zane na fitowa daga ruwan baba da ɗan kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a kan idonsu. Aikin oksijin ne.

Sai ki tsaya sosai a kan dalma. A Zamfara a 2010, niƙa dutsen zinariya cikin gidaje ya baza ƙurar dalma, yara sama da 400 suka rasu. Ki bar ɗaliban su yi muhawara: a hana haƙar ne, ko a fitar da niƙan bayan gari? Amma kowane misali ki ɗaure shi da babinsa a manhaja, don WAEC ba ruwanta da labari.