Madeleine Brès: ƴar Faransa ta farko da ta zama likita

A zamanin da, a ƙasar Faransa, aikin likita na maza ne kaɗai. Mace tana iya zama ungozoma ko mai jinya, amma ba ta shiga makarantar likitoci. Mata da yawa suna jin kunyar faɗa wa namiji ciwonsu. Sai su ɓoye, har ciwon ya yi ƙarfi.

An haifi Madeleine Brès a wani ƙauye kusa da garin Nim, a kudancin Faransa. Ubanta talaka ne, mai gyaran ƙafafun amalanke. Idan ya tafi aiki asibitin Nim, yakan tafi da ita. Tun tana ƙarama take ba marasa lafiya romo da ruwa. Daga nan son aikin ya shiga zuciyarta.

An yi mata aure tana da shekara 15. Ta haifi ƴaƴa. Amma ba ta bar burinta ba. A 1866 ta je wajen shugaban makarantar likitoci ta Pari. Ya ce sai ta ci jarrabawar bakaloreya tukuna. Ta koma ta yi karatu, ta ci. Dokar lokacin ta ce sai da yardar mijinta. Mijin ya yarda.

A 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa. Likitoci maza da yawa suka tafi fagen daga. Madeleine ta tsaya asibiti cikin Pari tana duban marasa lafiya. Bayan yaƙi ta nemi ta ci gaba da wannan aiki. Aka hana ta, don ita mace ce.

Ba ta karaya ba. A 1875 ta samu digirinta na likita. Bincikenta a kan nonon uwa ne da shayarwa. Ta ba da rayuwarta ga mata da jarirai. Tana koya wa uwaye tsabta da yadda ake ciyar da jariri. Ta buɗe gidan renon yara, inda ake duban ƙananan yara kyauta. Ta rasu a 1921, bayan ta makance, ba ta da dukiya.

Jama'a, likita mace ba daga sama take faɗowa ba. Yarinya ce da aka bari ta yi karatu. Wanda yake son mace ta duba matarsa, ya sa ɗiyarsa lakkol.

Tambayoyi
1. Don mi wasu mata suke ɓoye ciwonsu?
2. A kan mi Madeleine ta yi bincike?
3. Ƴan mata nawa ke zuwa lakkol a garinku?