Darasi: Ƙudan Zuma Ma'aikacin Gonar Kaɗa Ne

Manoma 'yan uwa, ku shiga gonarku da hantsi lokacin da kaɗa ke hure, ku tsaya ku saurara. In kun ji kukan ƙudan zuma, gonarku na da ma'aikata. In kun ji shiru, to, akwai gyara.

Ga dalili. Huren kaɗa yana buɗewa da safe fari, kashegari ya koma ja, sa'an nan ya faɗi. Yini ɗaya ke gare shi. A cikin yinin nan ƙudan zuma ke shiga neman zaƙi, ya kwashi garin hure a jikinsa, ya kai ma wani hure. Hure na iya yin ɗa da nasa gari, amma in gari ya isa sosai, gurya ta fi yawa cikin ƙwallo. Kun san kuwa a jikin gurya kaɗa ke fitowa. Gurya da yawa, nauyi da yawa bisa sikeli.

A Burkina Faso an rufe waɗansu huranni don kada ƙwari su shiga. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna amfanin kaɗa ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi da kashi 59.

Amma kaɗa ba ta ciyad da zuma sai da damana. Da rani itace ke ciyad da ita. Inda aka sare itace, aka sa ma daji wuta, zuma sai ta yi ƙaura.

Ga abin yi:

1. Wajen sassabe kada ku tumɓuke tohon gawo, magarya da kalgo. Ku bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi su girma. Gawo yana hure bayan ruwa ya ɗauke.

2. Ku bar bakin gona da ciyawarsa da kututturansa. Akwai ƙananan ƙudan da ke gida cikin ƙasa ko cikin busasshen itace.

3. Kada ku fesa magani da safe, lokacin da hure ke buɗe. Ku jira maraice.

4. Da rani ku ajiye kasko da ruwa kusa da amya, ku jefa karare ciki don kada ƙudan su nutse.

5. Ku ɗebi zuma da hayaƙi, ban da wuta. Ku bar musu saƙa kaɗan.

Mai tambaya ya nemi malamin gonar garinsa.