Yadda Matuƙan Jirgin Sama Suke Kauce wa Karo

In mutum ya ɗaga kai ya dubi sararin sama zai ce da wannan fili haka, yaya za a yi jirgi biyu su yi karo? To, jiragen sama ba ko'ina suke bi ba. Suna da hanyoyinsu kamar yadda motoci suke da tituna, kuma a kan hanyoyin nan suke cunkushewa.

Bari mu yi ɗan lissafi. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita kamar 900 a awa. In biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 1,800 a awa, watau rabin kilomita kowane sakan. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa matuƙi yana bukatar sakan 12 da rabi kafin ya hango abu, ya gane jirgi ne, ya yanke shawara, jirginsa kuma ya juya. Ke nan tilas ya hango ɗan'uwansa tun yana nesa da fiye da kilomita 6, sa'ad da bai fi ƙuda a jikin gilashi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, jirgin da zai buge ka ba ya motsi a idonka. Wanda ka ga yana gilmawa daga hagu zuwa dama zai wuce abinsa. Amma wanda ya tsaya cik a wuri guda a gilashi, yana ƙara girma sannu sannu, shi ne abin tsoro. Ido kuwa ya fi saurin kama abu mai motsi. Don haka ake koya wa matuƙa su riƙa duban sama yanki yanki, suna tsai da ido kaɗan a kowane yanki. Da dare akwai fitilu, ja a fiffiken hagu, koriya a na dama, fara a wutsiya. Doka kuma ta ce in jirgi biyu suka yi gaba da gaba, kowa ya karkata dama.

Ido kaɗai bai isa ba. A 1956 jirgi biyu suka yi karo a saman kwazazzabon Grand Canyon a Amurka, mutum 128 suka rasu. Daga nan aka ƙarfafa aikin ma'aikatan ƙasa masu ba jirage hanya ta rediyo. Daga baya aka ƙera wata na'ura da matuƙa ke kira TCAS. Na'urar wannan jirgi tana magana da ta wancan. In suka kusanci juna sai su daidaita tsakaninsu, ɗaya ta ce wa matuƙinta hau, ɗayar ta ce sauka.

To, yaya ke nan in na'ura ta ce hau, mutumin ƙasa ya ce sauka? Haka ta faru a Japan ran 31 ga Janairu, 2001. Wani Boeing 747 mai lamba 907 ya tashi daga Tokyo za shi Okinawa, wani DC-10 mai lamba 958 kuma yana zuwa daga Koriya ta Kudu. Mutum 677 ne a cikinsu gaba ɗaya. Ma'aikacin ƙasa, wanda yake koyon aiki, ya yi niyyar ce wa 958 ya sauka, sai bakinsa ya suɓuce ya ce 907. Na'urar 907 ta ce hau, amma matuƙin ya riga ya fara sauka bisa umurnin ƙasa, ya ci gaba. Shi kuwa 958 na'urarsa ta ce sauka, ya bi. Ka ga duka biyu suna gangarawa wuri ɗaya ke nan!

Matuƙin 907 yana ganin ɗayan jirgin da idonsa. Da ya tabbata karo ya zo, sai ya tsunduma kan jirginsa ƙasa da ƙarfi, ya wuce ta ƙarƙashin 958, tsakaninsu mita kamar 135. Waɗanda ba su ɗaura bel ba suka tashi sama suka bugi rufi, har keken abinci ya faɗa cikin silin. Mutum kamar 100 suka ji rauni, 9 daga ciki raunin mai tsanani ne, amma ba wanda ya mutu. A ganina matuƙin nan ya cancanci yabo da zargi a lokaci guda, ko da yake dokar lokacin ba ta fito fili ta ce wa za a bi ba.

Ba a yi saurin gyara dokar ba. Ran 1 ga Yuli, 2002, da dare, irin wannan saɓani ya sake aukuwa a saman Überlingen a Jamus. Jirgin fasinja na Rasha ya bi maganar ƙasa ya sauka, jirgin kaya ya bi na'urarsa shi ma ya sauka, suka yi karo. Mutum 71 suka rasu, galibinsu yara 'yan makaranta masu tafiya hutu Sifen. Bayan wannan ne aka gyara dokar duniya, aka ce in na'urar ta ba da umurni matuƙi ya bi ta nan take, ko mutumin ƙasa ya faɗi akasin haka, sa'an nan ya sanar da shi ta rediyo.