Jarumi a Hannun Mai Fassara: Daga Ailan zuwa Ƙasar Zuru

A 1902 Lady Gregory ta mayar da labaran Cú Chulainn, jarumin ƙasar Ailan, zuwa Ingilishi, amma ta tsame wuraren da ta ga sun keta kunya. Thomas Kinsella ya maido da su a fassararsa ta Táin a 1969, domin kundayen ƙarni na 12 suna nan. A ƙasar Zuru lamarin ya fi wuya. Da Ingilishi P. G. Harris ya wallafa bayanansa kan Dakarkari a 1938, alhali da C'lela Lelna ke ba da labaran magabatansu, kuma da ka. Manazarcin da ke neman abin da ya salwanta tsakanin harsunan biyu ba shi da tsohon kundi, sai dattawan da suka rage.